Ni Na Ara Wa Tsohuwar Fim Ɗin Muryar Gwaggona

Assalamu alaikum Anti mai shafi, sannu da ƙoƙari, sannunku masu karatu. Don girman Allah ki sakaya sunana, ki kuma roƙar min mutanenki su kai ƙarshe kafin su ɗauki dutse. Na san halin masu sharhi, kowa waliyyi ne in dai yana bayan waya. Ban zo a wanke ni ba, na san ban da gaskiya. Amma ban zo a yi min wankin babban bargo ba, shawara nake nema.

Ni 'yar Gaya ce, ina zaune a Kano wurin yayata. Kun san finafinan ƙasashen waje da ake juyawa zuwa Hausa, a tura wa mutane a waya a shagunan caji? To ina cikin muryoyin da kuke ji. Tun ina ƙarama Allah ya ba ni kwaikwayo, in mutum ya yi magana a gabana na ɗauke shi ke nan, har tarinsa da yadda yake jan hanci. A gida abin dariya ne, a Kano ya zama abin da nake sayen sabulu da shi ban roƙi kowa ba. Ɗaki ne ƙarami da aka manna wa soso a bango don kada ƙarar titi ta shigo, ga makirufo, ga talabijin, ga oganmu a waje yana danna na'ura. Iyakar abin ke nan, wallahi.

Ina da gwaggo, ƙanwar mahaifina. Ba zan faɗi sunanta ba, na riga na faɗe shi inda bai kamata ba, mu ce Gwaggo Lami. Mijinta ya daɗe da rasuwa, da tukunya ta riƙe 'ya'yanta. Duk ranar kasuwar Ajingi takan loda tukwanenta a A Daidaita Sahu tun da hantsi, ta je ta kafa rumfa kusa da inda motocin Kano ke lodi, shinkafa da farfesun kayan ciki. Sauran ranaku tana sayarwa a ƙofar gida a Gaya. Direbobi, 'yan babur, masu awon gyaɗa, Fulani masu kawo shanu, kowa ya san rumfarta, kowa ya san kiranta: "Taho ɗana, zauna ka ci, tukunyata ba ta san baƙo ba!" Sai ta bi shi da wata dariya mai ƙarewa da tari, ta daki cinya. Ina yarinya nakan bi ta, kuma kullum sai ta tsamo min hanta ta ajiye a murfin kwano ta ce wannan ta 'yar ɗakina ce. Ban manta da wannan ba, kada wani ya ce min butulu.

Amma ita ce ta kashe min aure. Wani malamin firamare ɗan garin Balan ya fito nemana, mutum mai hankali, ya san aikina, ya ce bai ga aibinsa ba. Da magana ta kankama sai danginsa suka fita bincike, aka ce su je wurin gwaggon yarinya, ai ita ta san ta. A rumfarta suka same ta, a gaban masu cin abinci. Ta ce musu yarinyar kirki ce, sai dai 'yar fim ce, a Kano ana rufe su a ɗaki da maza suna ihu da kuka da maganganun soyayya. Shi ke nan. Ko sallama ba su dawo sun yi mana ba, sai kayansu da suka aiko a karɓa. Na je na same ta ina kuka na ce, "Gwaggo, me na yi miki?" Ko ludayin ba ta ajiye ba ta ce, "Au, ƙarya na yi? Ba a ɗaki ake rufe ku ba? An tambaye ni tsakani da Allah, sai in ɓoye? Ni ba na cin amanar masu neman aure." Innata ta ce in yi haƙuri, babba ce. Yayyena suka ce dama sun faɗa min. Gaya kaf aka yi ta yi da ni, babu wanda ya je ya ce wa Gwaggo ta ji tsoron Allah. Sai na ce wa mutanen gida na bar fim na koma koyon ɗinki. Ƙarya ce, ban bari ba, ɓoyewa na koya.

Bara aka kawo mana wani fim na ban tsoro. Matafiya ne mota ke lalace musu a daji, sai su faɗa gidan abincin wata tsohuwa a bakin hanya, ta tarbe su da fara'a ta ciyar da su, ashe naman matafiyan da suka riga su ne a tukunyar. Irin waɗannan finafinai na masu cin naman mutane suna da kasuwa sosai, ban san me mutane ke ji a ciki ba, amma su aka fi nema a shagunan caji. Ni aka ba tsohuwar. Na yi ɗaukar farko, oga ya leƙo ya ce, "Malama, tsohuwar nan lami take, ba gishiri. Ki ba ta suna irin namu, ki ba ta gari, mutane su ji kamar a unguwarsu take." Haka muke yi dama, mu kira baturen fim Tanko, mu ce daga Wudil ya taho, masu kallo su yi ta dariya. Na dubi tsohuwar a talabijin tana juya tukunya, ta ɗago ludayi ga yatsa da zobensa a ciki, sai kawai na ji bakina ya buɗe: "Taho ɗana, zauna ka ci, tukunyata ba ta san baƙo ba!" Na yi dariyar, na yi tarin, har cinyata na daka. Da matafiyin ya tambaye ta sunanta, na faɗi sunan Gwaggo, na faɗi kasuwar. Oga ya riƙe ciki yana dariya ya ce, "Ita ke nan! Kada ki canza ko harafi." Shin ban san abin da nake yi ba? Na sani. Daɗi ma na ji, irin daɗin da mutum ke ji in ya sosa ƙurji. Na ce a raina bari ita ma a yi dariya da sunanta ta ji yadda ake ji. Na ɗauka iyakarsa dariya.

Da farko kuwa dariyar ce. Wani ya yanko wurin ludayin ya watsa a waya, 'yan babur suka riƙa tsayawa a rumfarta suna cewa, "Gwaggo, yau cinyar wane direba aka ɗora?" Ita ma tana taya su dariya tana korar su da tsintsiya, don ba ta kallon fim, ba ta san daga ina abin ya fito ba. Da labarin ya iso min a waya, wallahi na yi murmushi. Sai wasa ya fara tsami. Wani ya tsinci ƙashi a kwanonsa, ƙashin ƙafar akuya da kowa ya sani, ya ɗaga ya ce wannan bai yi kama da na dabba ba. Wata mata ɗanta ya yi zazzaɓi bayan sun ci a wurin, ta ce kurwarsa aka kama. Daga mai dafa mutane a fim aka koma mayya a zahiri, kuma kun san in aka jefa wa mace wannan kalmar a ƙauye, ba sabulun da ke wanke ta. Mahaucin da take sayen kayan ciki a wurinsa ya zo tsakiyar kasuwa ya rantse da Allah daga hannunsa take karɓa, aka ce ai bakinsu ɗaya. Masu ilimin cikinsu kuma, waɗanda suka san fim fim ne, su suka fi ba ni haushi. Sai su ce, "Mu ba mu yarda ba fa, amma ruwa ba ya tsami banza. Me ya sa duk matan kasuwar ita aka kama wa suna?" Su wuce rumfar gaba su ci. Mutanen da suka yi shekara da shekaru suna lashe kwanonta, wasu ma kyauta ta ciyar da su ranar da ba su yi ciniki ba!

Na je wurin oga na ce a janye fim ɗin, ko a sake ɗaukar wurin. Ya dube ni kamar na zare ya ce, "A janye daga ina? Daga wayar mutum nawa? Malama, magana zarar bunu ce. Kuma ni ban ce ki kama sunan mai rai ba." Gaskiyarsa. Ya ci ribarsa ya wanke hannu.

Na san abin da za ku rubuta. Za ku kawo min ayar da ta kwatanta yi da mutum da cin naman ɗan'uwa. Na san ta, tun a Islamiyya na haddace ta. Ina kuke lokacin da ake cin nawa? Wa ya karanta wa Gwaggo ita? Wannan ne ke ci min rai, Anti. Ita ta buɗe baki ta rusa ni a gaban jama'a, aka kira shi faɗin gaskiya. Ni na buɗe nawa a ɗakin soso, ga shi ni ce ba na iya barci. Har yau in na tuna malamin nan, yanzu da matarsa da goyonta, sai in ji ban ma rama ba. Amma in na tuna an daina aiko yara sayen abinci a ƙofar gidanta, an daina ba ta jarirai ta ɗauka a gidan suna, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Makon jiya na je Gaya duba Inna, sai Gwaggo ta aiko in zo. Na tafi. Na same ta a tsakar gida da rana tsaka, ta rame, tukwanen kasuwa a kife a jikin bango kaji suna hawa. Ƙaramar tukunya ɗaya ce a murhu. Ta shimfiɗa min tabarma da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce, "'Yar ɗakina, na san na ɓata miki a baya. Ki bar wannan. Ke kin zauna da mutanen fim, kin san hanyarsu. Ki nemo min yarinyar da ta yi muryata." Na ce, "Gwaggo, masu wannan aikin suna da yawa a Kano." Ta ce, "An kunna min na ji. Ko wace ce, ta ci abincina, ba sau ɗaya ba. Wanda bai zauna a rumfata ba ba zai iya tarin nan ba." Ta gyara itace, ni kuwa ina kallon tabarma. Ta ce, "An ce in sa a ja mata Yasin, na ce a'a, 'yar wani ce. Ba kotu nake so ba. Ta zo ranar kasuwa, ta tsaya a rumfata ta yi muryar nan mutane su ji da kunnensu cewa mutum ne ya ƙirƙira, sannan ta zauna ta ci kwano ɗaya a gabansu. Shi ke nan na yafe."

Sai ta zuba min shinkafa, ta sa ludayi a tukunya ta laluba, ta tsamo hanta ta ɗora min a kai.

Anti, ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Tun da na yi fim ɗin nan nama ya fita raina. Wurin ludayin sai da muka maimaita shi har na gaji, ina kallon yatsan nan yana tasowa, ina tauna rake a bakin makirufo don ƙarar ta fito kamar ana tauna ƙashi. Ni na haɗa hoton da muryarta, kuma ya ƙi rabuwa a kaina. Da Gwaggo ta ɗago ludayin nan ta ce "ci mana", yatsan nan na gani. Na san akuya ce. Na fi kowa a duniya sanin ƙarya ce, ni na yi ta. Amma na ɗebi shinkafa ta gefe, na sa cokali na ture hantar bakin kwano, a hankali, ina fatan ba ta gani ba.

Ta gani. Ta daɗe tana kallon kwanon, sannan ta ce, ba da faɗa ba, "Har ke?"

Ta miƙo hannu ta ɗauke hantar ta mayar tukunya ta rufe.

Yanzu ban san me ta sani ba. Wataƙila ta gane muryar tun ranar da aka kunna mata, tana ba ni hanya ne in fito da kaina. Wataƙila kuma ba ta gane ba, ta ɗauka ni ma na bi sahun masu cewa mayya ce, kuma ban san wanne ya fi muni ba. In na tsaya a kasuwar Ajingi na yi muryar nan, an san ban bar fim ba, an san na yi wa Inna ƙarya, an san ni na jefa ƙanwar ubana a wannan hali. Sunan da Gwaggo ta fara ɓatawa ni zan ƙarasa shi da bakina, kuma babu wanda zai tuna abin da ta yi min, sai nawa. In na yi shiru, tukwanen nan za su ci gaba da zama a kife, za ta mutu ana nuna gidanta da baki. Ko na yarda na je ɗin ma, sharaɗinta kwano ɗaya ne a gaban jama'a, ni kuwa hanta guda ta gagare ni a tsakar gida ba kowa sai kaji. In na tsaya a gabansu hannuna ya ƙi zuwa baki, me za su ce a kanta?

Ranar kasuwa na matsowa, ta kuma aiko ƙanwata ta tambaye ni ko na samo yarinyar. Don Allah jama'a, me zan yi?