Fiyanonka Ya Tara Mana Masu Daka

Zuwa ga Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lahiya, kai da Anti Hadiza da yara. Ya aiki, ya cunkoson Legas? Mu nan Boɗinga lahiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Fiyanon kiɗa na lantarki da ka aiko mini ya iso, Allah shi saka. Ka tuna kiɗan injin nan na tsofaffin kaset ɗinka, mai dum-dum har cikin ƙirji? Shi na zauna nema, ina murɗa maɓallai, ina gajarta sautin ina ƙara masa nauyi, har ya fito sak. Don murna na jona lasifika na ƙure ta.

Ashe daga waje ji ake kamar ana lugude a turmi. Ka san matan unguwarmu, in suka ji dakan biki ba su jiran gayya. Sai ga su da taɓarensu, Ladi maƙwabciyarmu a gaba tana ce wa Inna, "Hajiya, wa ta haihu ba ki hwaɗa muna ba?" Kunya ta hana Inna sallamarsu, ta fito da buhun gero, suka surfe shi tas.

Labari har Shagari. Baba Ƙarami ya yi hushi wai an yi suna ba shi, don Allah ka kira shi ka lallashe shi.

Ka gaida kowa, a sa mu a addu'a. Na zaci Inna za ta ƙwace fiyanon, amma ɗazun ta leƙo ta ce in shirya lasifikar jibi, akwai dawa.

Ƙaninka,
Bello