Ni Aka Ba Wayar, Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Inna, har yanzu ina aikin jinya a motar ɗaukar marasa lafiya, wadda kike kira motar gawa. Kin tuna ranar da na fara, kika hana direbanmu tsayawa a ƙofar gida, wai kada mutanen Agege su fara shigowa ta'aziyya? Na yi dariya har da hawaye. Ranar da hawan jini ya kayar da ke, wannan camfin ne ya hana maƙwabta kiranmu. Suka sa ki a Keke Napep, kika cika a cunkoson hanya.

Tun daga nan na zama sarkin naci. Gida-gida na bi ƙawayenki ina yi musu rajistar inshorar lafiya, ina cewa da katin inshorar nan kira ɗaya ya isa, za mu zo. Har Iya Lami mai waina, wadda ko allura ba ta yarda da ita, ta dangwala yatsa, ta ce don ke ta yi.

To, ga inda gizo ke saƙar. Abin da inshora ke biyan kamfaninmu kan kowane mara lafiya bai motsa ba tun fetur na araha. An ce za a ƙara, an yi zama, an sake zama, shiru kamar an shuka dusa. Oga ya riga ya ajiye mota biyu. Yanzu ya ce in wata ya ƙare ba ƙari, duk wanda ya kira a fara tambayarsa, kati ne ko kuɗi a hannu. In kati ne, a ce mota ta fita. Kuma ni aka ba wayar amsa kiran.

Saura kwana tara. Jiya na biya wurin Iya Lami, ƙafafunta sun kumbura, tana numfashi da ƙyar. Ta kwance bakin zani ta nuna mini katin tana murmushi, ta ƙara mini waina biyu. Na kasa ci.

Tsoro nake ji, Innata. Da aikin nan nake ciyar da ƙannena, kin sani. Wayar na yin ƙara gabana ke faɗuwa, don ban san abin da bakina zai faɗa ba in daga gidan Iya Lami ne.

Allah Ya haskaka kabarinki. Allah Ya sa masu sa hannu kan ƙarin kuɗin su sa kafin wata ya ƙare. In kuma ba su sa ba, Allah Ya ba ni zuciyar da zan ce wa direba ya tayar da mota.

'Yarki mai kewarki,
Hadiza