Bayan Chisato

Yamagata

Zuwa ga surukina Nuwan,

Zafi ya fara ja da baya, shinkafa ta soma sunkuyar da kai. Ina fatan kana lafiya. Na rubuta da Turanci kamar yadda muka saba.

Tun da ka zo ka ɗauki jikarmu Chisato a ƙarshen hutu, kakarta ba ta da zance sai na bayan yarinyar: ya yi ja, ya tsattsage, tana susa har jini. Lokacin da 'yata Harumi take da rai ba mu taɓa ganin haka ba. Ban ɗora maka laifi ba. Aiki ya yi maka yawa, Japanancinka kuma bai kai na tsayawa gaban likita ba. Shawararmu ita ce Chisato ta dawo hannunmu, ta shiga makaranta a nan. Ka yi nazari.

Ka kula da lafiyarka.
Kuwabara Shigeo

Kawaguchi

Zuwa ga Baba,

Ina gaishe ku da girmamawa, kai da Mama. Na jinkirta amsa don kada in zo muku da baki kawai.

Na kai Chisato asibitin fata da ke saman shagon burodi. Gaskiyarka, abin da na fahimta a bakin likita bai kai rabi ba. Dattijuwa ce, ba ta da lokacin jirana. Da na nuna mata yadda nake shafa wa yarinyar mai, sai ta ce, "Baban Chisato, rowa kake yi? Kawo hannu!" Ta lafta mini mai, ta ɗora takarda mai laushi, ta juya hannun. Takardar ba ta faɗi ba. Haka ake so ya yi yawa. Wannan kuskurena ne, kuma na gyara.

Daga nan ta kwaikwayi mai dirzar baya da soso, ta nuna tururi da yatsunta, ta giciye hannuwa alamar hani. Na girgiza kai, domin da tafin hannu nake yi mata wanka. Sai Chisato ta yi wata magana da Japananci, ma'aikaciyar jinya ta fashe da dariya. A hanya na tambaye ta. Ta ce, "Cewa na yi Kaka yana dafa ni kamar kaguwa, sannan ya kankare ni kamar tukunya. Amma kar ka gaya masa, yana yi mini waƙa lokacin wankan."

Na daɗe ina auna ko in rubuta wannan. Na san wanda ya yi wa Harumi wanka tana ƙarama, na kuma san ba a wanke yaro haka sai don ƙauna.

Bayanta ya fara laushi, tana barci ba susa. Ina roƙon alfarma a bar ta a wurina.

Ɗanku mai biyayya,
Nuwan

Yamagata

Nuwan,

Sanyi ya fara. Na rage zafin ruwan wanka tun yanzu don mu saba kafin Chisato ta zo. Mama tana mita, wai na mai da ta kifi.

Ku zo hutun sabuwar shekara. Na sayi tikitin jirgin ƙasa na komawarku Kawaguchi, kujera biyu.

Baba