Ajiyar Baba Okabe

Port Saeed, Dubai
9 ga Afrilu, 2020

Zuwa ga abar ƙaunata Wasila,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Nana Firdausi da su Hajiya. Ni lafiya lau, sai zaman kulle da kewarku.

Kin tuna Baba Okabe, dattijon nan ɗan Japan da ya koya mini aiki a kamfaninmu na jigilar kaya? Ya je gida ganin likita, korona ta rufe hanya. Kafin ya tafi ya ba ni ajiyar sarewar gora da ya gada wajen mahaifinsa, shakuhaci suke ce mata. Ya ce in koyi busawa in ina so, amma da na gama in mayar da ita leda tare da ɗan jiƙaƙƙen ƙyalle, in ɗaure, kada iskar esi ta taɓa ta. Sau uku yana maimaitawa. Ni kuwa dariya nake a raina, sarewa sai ka ce jaririya.

Huda biyar ce kacal, amma sati uku ina hurawa, ba abin da na samu sai jiri. Kar ki yi mini dariya, na san halinki.

Naki har kullum,
Zailani

20 ga Yuni, 2020

Wasila tawa,

Ina gaishe ki, ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara sauƙi.

Na yi ɓarna. Kin sha cewa ba na jin magana, to yau na yarda. Sauti ya fara fita ke nan, har ina jin kaina gwani, sai na buɗe ledar na ji warin danshi. Kin san mu, abin da ya jiƙa shanya shi ake yi, ko ƙwarya ko muciya. Na ce tsohon nan zai sa kayansa su yi fumfuna. Na yar da ƙyallen, na shanya sarewar a taga, rana ta waje, esi ta ciki. Kwana biyu, ina sallar la'asar na ji ƙas. Ta tsage daga baki har huda ta biyu.

Ba ma wannan ke cina ba. Duk Juma'a muna gaisawa, kuma sai ya tambaye ta. Sau biyu ke nan ina cewa tana nan lafiya. Ƙarya, da girmana, ga mutumin da ya riƙe ni kamar ɗansa. Jikinsa ya yi tsanani, yanzu kuma ya ce yana so in busa masa ta waya, ya ji muryar sarewar babansa.

Wallahi kunya nake ji. Ki sa ni a addu'a.

Mijinki,
Zailani

4 ga Satumba, 2020

Wasila,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku baki ɗaya.

Kin ce in gyara, kuma in faɗa masa gaskiya. Rabi na yi. Na mayar da ita leda da jiƙaƙƙen ƙyalle, cikin sati tsagar ta haɗe baki. Wani matuƙin jirgin katako a bakin ruwa ya ba ni zaren fatsa, ya nuna mini ɗauri, na naɗe ta wuri shida. Ranar da na busa masa, na ƙi kunna kyamara, na ce sabis ne ba kyau. Dogon sauti uku na iya, su na yi masa. Da na gama, ya yi godiya. Maganar ta zo mini har baki, na ce bari dai sai ya warke.

Ya rasu ranar Talata.

Jiya 'yarsa ta rubuto mini. Ya bar mini sarewar. Ta ce tun a ranar da na busa masa ya gaya mata ya ji ta tsage, kuma wanda ya ɗaure ta ya iya ɗauri. Da ta so ta yi mini magana ya hana ta, wai zan faɗa da bakina, shekara shida ya san ni ban taɓa yi masa ƙarya ba.

Jirana yake yi, Wasila. Juma'a bakwai muna gaisawa, ina tambayarsa ya jiki.

Ɗazu na jiƙa ƙyallen, na ɗaure ledar yadda ya ce. Ban iya busawa ba tukuna.

Ki gaishe mini da Hajiya.

Naki,
Zailani