Aikinsa Ya Bar Jiharmu, Shi Ya Ƙi Barina

Malam mai wannan fili, don Allah ka taimake ni da shawara, abin ya fi ƙarfin kaina. Ni tsoho ne, na yi aikin buga tafireta har na yi ritaya. Uwar 'ya'yana ta rasu, 'ya'yan nawa mata suna gidajen mazajensu can nesa. Daga ni sai Auta, sai rediyo.

Auta kwamfuta ya karanta. Ba gyara ba, shi ne mai tsara yadda na'urorin asibiti ko na banki za su yi aiki tare. A da akwai kamfanonin irin wannan aiki a jiharmu, amma ɗaya bayan ɗaya suka naɗe tabarmarsu suka koma jihohin da manyan ofisoshi suke. Na gani a jarida, an jera jihohi, wasu na hawa, tamu na gangarowa. Idona ya yi rauni, amma wannan kam na karanta shi sarai. Abokan karatunsa duk sun bi aikin. Shi ma an kira shi a waya za a ba shi aiki a can, na ji ta bango yana ba su haƙuri, wai mahaifinsa ba shi da kowa.

Kullum da safe sai ya goge riga, ya rataya jakar kwamfuta, ya ce mini ya tafi ofis. Watan jiya maƙwabcina ya ɗauke ni zuwa asibiti, muka bi ta bayan kasuwa, sai ga Auta a ƙarƙashin wata lema yana manna wa wayar wata mata gilashi. Na sunkuyar da kai har muka wuce. Da yamma na yi masa sannu da aiki, na tambayi mutanen ofis, ya ce suna gaishe ni.

Ni ma fa haka nake masa. Da na ji motsinsa a ƙofa sai in tura sandata ƙarƙashin gado, in miƙe kamar soja. Ranar da na faɗi a banɗaki, cewa na yi ƙofa ce ta buge ni.

Na san yadda sana'a ke mutuwa a hannun mai ita. Tafiretata tana nan kan kabad, lulluɓe da tsumma. Ba na so ya yi furfura a ƙarƙashin lemar nan. Amma idan na tuna irin shirun da gidan nan zai yi in ya bar garin, sai bakina ya yi nauyi. In yi magana ne, ko in ci gaba da yin kamar ban gani ba? Wallahi na gaji.

Tsohon mai tafireta

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ku biyu ne a gida, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa ciwonsa saboda ƙauna, shi ya sa kuka gaji.

Tsoronka ba son kai ba ne, wanda ya taɓa faɗuwa a banɗaki yana da hujjar jin tsoro. Zaman Auta ma ba wauta ba ce. Sai dai irin aikinsa ba ya jiran mutum. Wanda ya daɗe bai taɓa shi ba, sai ya waiwaya ya ga an yi masa nisa.

Ka zaunar da shi ka ce ka gan shi, ba da faɗa ba, domin ba abin kunya yake yi ba. Kai ma ka faɗi naka. Sannan ku kira yayyensa, wannan kaya ba na Auta ne shi kaɗai ba. A tsara wanda zai riƙa kwana da kai, a kafa maka ƙarfen riƙewa a banɗaki, maƙwabcin nan ya riƙe makulli ɗaya. Shi kuma Auta ya tambayi masu kiransa ko za su yarda ya riƙa yin wani ɓangaren aikin daga gida. In kuma ya zauna da gindinsa a can, me zai hana ka bi shi da rediyonka?

Yaro irin wannan ba zai ɗaga ƙafa ba sai ya ji albarkar tafiyar daga bakinka. Gobe idan ka ji motsinsa a ƙofa, ka bar sandar a inda zai gan ta.

Allah ya ba ka lafiya, ya buɗa masa, ya sa ka ci moriyarsa.