Kashi na Ƙarshe Yana Jiranki, Faustina

Zuwa ga Faustina tawa, sanyin ruwan Matsirga, zumar dutsen Kagoro, ɗanyar cittar da ke ɗumama ƙirjina! Gaisuwa cikin sunan Ubangiji.

Tun da kika tafi karatun jinya a Sabon Tasha, abinci ya daina yi mini ɗanɗano. Kin tuna yammacin nan a gindin mangwaron gidanku a Madakiya, da muka fara kallon fim ɗin sarauniya mai ido ɗaya a kwamfutata? Babanki ya kafa kujera tsakaninmu don tsaron mutunci, ya kama minshari tun ba a gama nuna sunayen 'yan wasa ba. Na ce a fara da kashi na huɗu, tunda a nan aka haifi sarauniyar. Kika ce a bi su yadda aka fitar, wai irina ne ke fara cin shinkafa daga ƙanzo. Ni fa, da samarin unguwa ke zuwa in jera musu finafinai, wanne ya fi, wanne za a fara, na naɗe ilimina na bi tsarinki! Wace mace ce ta taɓa yi mini haka?

Ranar tafiyarki muka yi alkawari ba mai kallon kashi na ƙarshe sai muna tare. Ga shi ya fito, tauraruwata. Kafanchan kaf ta kalla, ban da ni.

Kin san irin wahalar da nake sha? Ɗalibaina kam, na hana su magana a aji. Mai aski ya soma ba da labarin, na fito da rabin kai a aske. Ran Lahadi kuwa, ana tsakiyar wa'azi a kan gafara, Fasto ya ce, “Kamar yadda sarauniyar nan ta yi a ƙarshe...” Na toshe kunnuwa, na tsallake benci biyu, na fita ina ihu. Da yamma sai ga Dattijo Kumai da Mama Hellen ta zumuntar mata sun zo yi mini addu'a, wai aljani ne ba ya son Maganar Allah. Da na bayyana musu gaskiya, Mama Hellen ta tafa hannu ta ce, “Au, wannan fim ɗin? Ai ɗana, ashe mijin nata ne...” Ta taga na fita, Faustina. Har yanzu ina ɗingishi.

Har yaushe zan yi ta gudu a garin haihuwata? Ki zo gida bikin godiyar kaka, kurciyata, kafin a cire ni daga ƙungiyar mawaƙa.

Abu ɗaya ke ci mini rai. Ƙanwarki Martina ta ce ranar da fim ɗin ya fito kin kira ta kina kuka, kina cewa ba a kyauta wa sarauniya ba. Ban yarda ba. Na ce mura ce. Amma in gaskiya ne, raɓar safiyata, kada ki faɗa mini. Ki zo kawai ki zauna kusa da ni, inda ya kamata a firgita ki firgita, ki kama hannuna. Ba zan tambaye ki komai ba.

Naki har ranar da Ubangiji zai kira ni gida,
Abednego