Titin da ke Tsakaninmu

Daren Laraba, Gesse

Yau aka sauke allon bankinmu. Bankin tsallaken titi, inda maigidana Baban Nana ke aiki, ya haɗiye namu. Har na fara hango mu muna shiga ƙofa guda da safe, sai manaja ya kira ni. Wai dokarsu ba ta yarda mata da miji su zauna reshe ɗaya ba. Ko ɗayanmu ya koma Argungu, ko ya ajiye aiki.

Ta tagar ofishina na fara ganin Baban Nana, yana sayen gyaɗa. Har yau in an kira azahar sai ya ɗago kai ya dubo ni.

Da magariba ya ce, "Hadiza, ni za ni tahi. Ki zauna kusa da Innarki."

Ina rufe ido sai in ga ruwa ya cika fadamar Zauro, shinkafa na kaɗawa, mu biyu cikin kwalekwale, ba mai tambayarmu reshe.

Masu sa hannu kan haɗe bankunan a Legas ba su san da tagata ba. Lokacin da bankunan ke hamayya, titi ne kawai tsakaninmu.